Majigi Yaron Malami Ne, Ba Ubangidansa Ba

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sani ni yaro ne, ban isa in yi wa kowa gargaɗi ba, gama ko takardar shaidar malanta ban karɓa ba tukuna. Amma an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni na faɗa cikin wani rami, shi ya sa nake so in tsaya a bakinsa in yi wa na baya ihu.

Maganar kuwa ta majigi ce. Ba na sinima nake nufi ba, ina nufin ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da kwamfuta, ta haska rubutu da hotuna a bango sa'ad da mutum yake jawabi. Kowane shafi ɗaya da ta haska, masu kwamfuta suna ce da shi silaid, ni kuwa a nan zan kira shi falle. A Kafanchan da kewaye, daga Gidan Waya har Kagoro, Zonkwa da Kwoi, sau da yawa in ka je taron ƙara wa juna sani, ko na ma'aikatan lafiya, ko na matasa, sai ka tarar an rataya farin ƙyalle an kunna majigi. Har ta kai in mutum ya tashi yin magana ba kwamfuta a gabansa, sai a ga kamar bai shirya ba. Abin da nake so in faɗa gajere ne: majigi yaron malami ne, mai riƙe masa kaya. Ran da yaro ya hau kujerar maigida kuwa, gida ya rikice.

Bari in fara da tonon asirin kaina. A lokacin gwajin koyarwa da ya wuce aka tura ni wata ƙaramar sakandare, ba zan faɗi sunanta ba, gama laifin nawa ne, ba nata ba. Da na ji ranar da mai duba mu zai zo, sai na ce a raina lalle zan nuna musu zamani. Darasin a kan mutanen Nok ne. Na kwana biyu ina kwaso rubutu daga intanet ina zubawa cikin PowerPoint, har na tara falle 34, ga shi kuwa darasin minti 40 ne kaɗai. Na ari majigi da wata tsohuwar kwamfuta wurin abokina, na yi hayar ƙaramin janareto, na sayi mai gwargwadon abin da aljihuna ya iya. Ranar ta zo, na sa aka rufe tagogi, aji ya yi duhu, yara suna ta murna kamar za a nuna musu wasan ƙwallo. Na juya musu baya, na fuskanci bango, na shiga karatu da Turanci layi bayan layi. Ina cikin falle na tara sai janareto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Mai ya ƙare. Kwamfutar ma ta bi shi, domin batirinta ya daɗe da mutuwa.

Jama'a, ban taɓa jin shiru mai nauyi irin na ran nan ba. Aka buɗe tagogi, yara sama da 50 suka zuba mini ido, ni kuma na zuba wa bango ido, bango kuwa fari fat. Na nemi abin da ke falle na goma a cikin kaina, ban same shi ba, domin tun farko bai taɓa shiga ba. Daga intanet ya fito, ya bi ta yatsuna ya faɗa kwamfuta, bai ko ya da zango a ƙwaƙwalwata ba. Ashe da gaske ne zanen aro ba ya rufe katara.

Da aka tashi, mai duba mu, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira ni gindin mangwaro. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ka duba littattafan yaran nan?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya miƙo mini guda uku. Kowane yaro ya kwafi rabin jimla, na juya falle, ya bar ta ya kama rabin wata. Ya ce, "To, ɗana, wa ya koyar yau? In kai ne, don me darasi ya mutu da mai ya ƙare? In kuwa janareto ne, ai shi ya kamata in ba maki." Wannan magana har yau tana kunnena.

Kada mu zaci majigi baƙon jiya ne a ƙasarmu. Kalmar kanta daga Turanci aka aro ta, daga sunan wata tsohuwar fitila mai haska hotunan da aka zana a kan gilashi, wadda Turawa suka laƙaba wa kalmarsu ta "majik", watau dabo. David Livingstone ya yi yawo da irinta a Afirka. A 1854, a garin wani sarki mai suna Shinte can tsakiyar Afirka, ya haska wa jama'a hoton Ibrahim ya ɗaga wuƙa bisa ɗansa, yana yi musu bayani suna saurare tsit. Da ya ja gilashin domin ya sa wani, sai mata suka ga kamar wuƙar ta nufo su, suka watse da gudu suna kururuwa. Ka ga, abin da mai nuni yake nufi daban, abin da mai kallo yake gani daban. Wanda bai dubi fuskar jama'a ba kuwa, yaya zai san abin da suka gani?

A nan Arewa ma, a zamanin mulkin Turawa da bayan samun 'yancin kai, gwamnati takan aika da motocin majigi gari gari, a kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna hotunan tsabta da noma da labarin ƙasa. Kakana ya sha ba mu labarin yadda suke taruwa kallo. Amma ya ce kullum akwai mutum tsaye da abin magana a hannu, yana fassara wa mutane da Hausa abin da suke gani, kuma daɗin majigi daga bakinsa yake. In ya iya magana, a yi mako ana taɗin abin. In bai iya ba, sai a watse ana hamma. To, tun a wancan zamani an gane hoto yana da ƙarfi, amma ba shi da baki.

Shi PowerPoint da muke ta rawar kai a kansa, a 1987 ya fito, aikin Robert Gaskins da Dennis Austin ne a wani ƙaramin kamfani a Amurka, kuma cikin shekarar nan Microsoft ta saye shi a kan dala miliyan 14. Domin jawaban 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis aka ƙera shi. Babu laifi mu ɗauko shi mu kawo aji, gama alli ma ba a garinmu aka fara yinsa ba. Sai dai mu san yadda za mu sarrafa shi.

Babban kuskurenmu shi ne mu cika falle da rubutu, sa'an nan mu tsaya muna karanta shi da ƙarfi. Muna tsammani mun ba mai sauraro abu biyu, ido ya ci, kunne ya ci. Alhali kuwa taura biyu ba ta taunuwa. Ido ya fi baki sauri, saboda haka kafin ka gama layi na biyu mai iya karatu ya kai ƙasan falle, ya zauna yana jiranka, hankalinsa ya tafi kasuwa. Wanda bai iya karatu sosai ba kuma yana fama da layi na fari, muryarka ta zama masa ƙara mai damu. Wani masanin halayyar koyo a Jami'ar Kalifoniya, Richard Mayer, ya yi shekaru yana gwada wannan abu da ɗalibai. Ya samu cewa in an nuna hoto ana bayani da baki, mutane sun fi ganewa fiye da in an nuna hoton, ana bayanin, kuma an rubuta kalmomin bayanin duka a allo. Dalili kuwa, ido ba ya iya bin hoto da rubutu a lokaci ɗaya.

In haka abin yake ga Ba'amurke mai jin darasi da harshen uwarsa, ina ga yaranmu? Yaron nan da ke gabanka, a gida Tyap yake ji, ko Jju, ko Hyam, ko harshen Kagoro, ko Ninzo. A kasuwa da filin wasa Hausa yake yi. Turanci kuwa sai a littafi. Kai kuma ka zo ka jibga masa Turancin da aka rubuta domin manya a wata ƙasa, ka ba shi minti ɗaya ya karanta, ya fassara a zuciyarsa, ya kwafa, ya kuma saurare ka. Haba! Ko jaki aka yi wa irin wannan lodi ai kwantawa zai yi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce ta 'yan makaranta. A ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse yana komowa duniya, mutum bakwai da ke ciki suka hallaka. Tun ran tashinsa wani ɓallin soso ya fita daga jikin tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Yana can sama injiniyoyi suka kawo wa shugabanni rahoto cikin fallayen majigi. A ɗaya daga ciki, kan maganar da aka rubuta da manyan baƙaƙe mai kwantar da hankali ne. Maganar da ta fi kowace nauyi kuwa, watau ɓallin da ya bugi kumbon ya fi wanda aka taɓa gwadawa girma fiye da sau 600, tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya yi tir da al'adar sa fallayen majigi a madadin cikakken rahoto a rubuce. Ban ce falle ne ya kashe mutanen nan ba, dalilai da yawa ne suka taru. Amma in falle ya iya ɓoye wa masana babbar magana, lalle zai ɓoye wa yaro ɗan shekara 12.

Na san wani zai ce, "Ai gani ya kori ji." Gaskiya ne, ni ma na yarda. Amma gani wane iri? Ganin abu ne ya kori ji, ba ganin rubutu ba. Rubutu ai ji ne da aka sa wa riga. A nan ne amfanin majigi yake, kuma amfanin babba ne: ya kawo cikin ɗaki abin da baki ba ya iya sifantawa, hannu kuma ba ya iya zanawa da alli.

Mako biyu bayan abin kunyar nan na sake koyar da darasin Nok a wani aji. Wannan karo falle uku kaɗai na shirya, na kuma zana kwatankwacinsu a kwali na ajiye, ko da a ce. Na fara ba tare da na kunna kome ba. Na ba su labarin yadda masu haƙar kuza suka tono wani gunki na yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba a 1928, da yadda a 1943 aka sami wani kai na yumɓu a ƙasar Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi, kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane aikin mutane ɗaya ne da na Nok. Da na ga sun miƙo wuya, sai na kunna, kan nan ya cika bango, babu rubutu ko ɗaya. Na yi shiru na bar su su kalla. Sa'an nan na tambaya, "Me kuka gani?" Wani ya ce idanun a huje suke. Wata ta ce an yi masa kitso. Wani ya tambaya da me suka gasa shi har ya yi fiye da shekara dubu biyu bai narke ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe a ƙasarmu ne?" Ran nan ƙararrawa ta kaɗa ba wanda ya motsa. Hoto ɗaya ya yi abin da falle 34 suka kasa.

Haka kuma in kana so ka koyar da dalilin da Kafanchan ta zama gari, ba sai ka rubuta tarihi a bango ba. Nuna taswira, ka bi da yatsa layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ka nuna inda ya rabu a Kafanchan a 1927, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Yaro da kansa zai gane abin da ya tara ƙabilu daga kudu da arewa a wuri ɗaya. Ko kuwa ka tuna da annobar da ta faɗa wa citta a 2023, ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, ta bar iyayenmu da bashi. In an gayyace ka ka yi wa manoma magana a kan irin wannan cuta, ba jerin sunayen Latin suke bukata ba. Nuna musu ganye mai lafiya kusa da wanda ya soma rawaya, nuna musu citta mai kyau kusa da ruɓaɓɓiya, sauran kuma ka faɗa da bakinka cikin harshen da suke ji. In ma da hali ka riƙo cittar a hannu, ta fi kowane falle.

Akwai masu cewa suna cika falle da rubutu ne domin mutane su sami abin kwafa. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar ba ita ba ce. Abin karantawa daban, abin kallo daban. Rubuta bayaninka a takarda ka raba bayan ka gama, ko ka tura ta waya, ka kuma gaya musu tun farko za su samu, domin su ajiye alƙalami su saurara. Akwai kuma masu yi domin tsoro, kada su manta a gaban jama'a. Waɗannan 'yan'uwana ne, na san ciwonsu. Amma maganin mantuwa sanin abu ne. In kana bukatar tuni, rubuta kan magana huɗu ko biyar a ɗan kati ka riƙe a tafin hannu. Sandar da kake dogarawa ba a rataye ta a bango kowa ya gani.

To, ga 'yan shawarwari da na tsinta, wasu daga bakin malamaina, wasu daga wuyar da na sha.

Na fari, shirya maganarka kafin ka taɓa kwamfuta. Zauna da takarda ka tambayi kanka, in mutanen nan sun manta da kome, wane abu ɗaya nake so ya bi su gida? In ba ka iya faɗinsa cikin jimla ɗaya ba, ba ka shirya ba tukuna.

Na biyu, falle ɗaya, magana ɗaya. Babbar maganar kuwa ita za ta hau sama da manyan baƙaƙe, kada a binne ta a ƙasa. Wani ɗan kasuwa a Amurka, Guy Kawasaki, ya ba masu neman jari shawara kada su wuce falle 10 cikin minti 20. In mai neman miliyoyi ya iya da goma, mai darasin minti 40 me zai yi da 34?

Na uku, je ka zauna a bencin ƙarshe ka duba. Azuzuwanmu ba su da labule, hasken rana yana cinye launi. Baƙin rubutu a kan fari ya fi kowane ado. Abin da na baya bai gani ba, share shi. Haruffa masu tsalle da masu juyi kuwa, bar wa masu tallan sabulu.

Na huɗu, fuskarka ga jama'a kullum. Tsaya a gefe, ka nuna da hannu, ka juyo. A fuskarsu za ka karanta wanda ya gane da wanda ya ɓata, wannan kuwa shi ne littafin da malami ya fi bukatar karantawa.

Na biyar, koyi kashewa. In ka gama da hoto, rufe shi, domin ido ya komo wurinka. Bango mai haske maganaɗisu ne, muddin yana ci ba kai ake kallo ba.

Na shida, kuma shi ne babba, gwada kanka ba wuta. Kafin ranar, kira abokin ɗakinka ka faɗa masa jawabin duka ba kwamfuta ba takarda. In ka iya, to, majigi zai ƙara maka. In ba ka iya ba, majigi zai rufa maka asiri ne kawai har ran da aka ɗauke wuta, mu kuwa mun san a ƙasarmu wannan rana ba ta da nisa.

Ya 'yan'uwana, da yawa daga cikinmu in mun gama za a tura mu makarantun da babu lantarki, balle majigi, sai allo da alli da yara masu jira. Waɗansu kuma za su sami ofis mai kayan zamani. Ko ina ka faɗa, abin da iyaye suka ba ka amanarsa ba na'ura ba ce, 'ya'yansu ne. Tsofaffin malaman da suka koyar da iyayenmu a Kwoi da Kagoro da Zonkwa ba su da ko ɗaya daga cikin kayan nan, amma almajiransu har tsufa suna tuna abin da suka faɗa, gama sun san abin da suke koyarwa, sun kuma dubi yaro a ido. Mu da muka sami ƙarin kaya, abin kunya ne mu kasa su.

Ban ce a jefar da majigi ba. Ni kaina ina tara kuɗi in sayi nawa. Amma in na saya, zai san matsayinsa: ni ne malam, shi yarona ne, in na kira shi ya zo, in na sallame shi ya tafi.

In na yi kuskure, manyana su gyara mini. Allah ya ba mu hikimar aikin da muka ɗauka, amin.

Naku,
Wani ɗalibi a aji na uku